Yadda Yallaɓai Ya Shiryar da Matasan Mararaba Kafin Azahar

Ni dai a duniyar nan na ga masu tsoron maciji, na ga masu tsoron allura, har na san wani ƙato da ba ya iya kwana ɗaki ɗaya da kyankyaso. Amma ban taɓa ganin tsoro irin wanda babban ma'aikacin Abuja yake yi wa gurbin da ba a cike ba a jikin takarda. Ka miƙa masa fom ka bar akwati ɗaya fayau, sai ka ga hannunsa ya fara ƙaiƙayi, biro na fitowa daga aljihu da kansa. Wannan tsoron ne ya kusa cinye ni ɗanye a wani ɗakin taro na otal a unguwar Gudu.

Ofishinmu bincike yake yi a kan shaye-shayen matasa: maganin tari, ƙwaya, wiwi, da sauran tarkacen da ake ɗura wa ciki da sunan ɗebe kewa. Kuma ba irin binciken nan na sha yanzu magani yanzu ba ne. Matasan da aka fara da su, su ɗin ake ta bi shekara da shekaru. Ka yi wa mutum tambayoyi bana, bayan shekara biyu ka koma ka nemo shi, shi ɗin dai, ka sake tambayarsa, don a ga wa ya fara, wa ya bari, wa ya ƙara nutsewa. To ni ne mai neman. Takalman da na cinye a lungunan Mararaba, da a ce na tara su da na buɗe shago. Akwai unguwar da karnukanta suka fi 'ya'yan maƙwabtana sanina. Daga baya aka ji tausayina aka dawo da ni ofis ina gyara bayanai a kwamfuta. In an yi taron bita kuma ni ne mai ɗaukar majigi, ni ne mai jona waya, ni ne mai hura makirfo ina cewa, “Ana ji a baya?”

Shekara uku ina damun shugabar sashen horo ta bar ni in koyar. Dakta ce, amma Hajiya muke ce mata, kuma ba ta dariya sai da dalili a rubuce. Wata rana ta kira ni.

“Kai, bakin nan naka da ba ya mutuwa, bari mu gani ko yana da amfani. Sati mai zuwa masu bincike za su zo daga ma'aikatu a koya musu aiki da bayanan nan namu. Na ba ka rukuni ɗaya.”

“Ni, Hajiya? Da 'yar diflomar tawa?”

“Da 'yar diflomar taka. Ran Juma'a kowane rukuni zai tashi gaban manya ya nuna abin da ya gano. In naka suka yi abin kirki, ka zama mai koyarwa. In suka kunyata ni, kai da majigi mutu ka raba, kuma kar ka sake tayar mini da maganar har in yi ritaya.”

Na ce, “An gama, Hajiya.” Na fito ina tafiya kamar an ba ni minista.

Mutum shida aka ba ni. Huɗu daga ciki 'yan rakiyar shayi ne, Allah ya sani ba zan iya tuna fuskokinsu ba sai dai ƙeyarsu, don kullum a kan waya suke sunkuye. Biyu ne suka shiga rayuwata. Na farko mataimakin darakta ne daga wata ma'aikata, kowa Yallaɓai yake ce masa. Babbar riga, wayoyi uku, tabarau a ƙarshen hanci. Mutumin kirki ne fa, kar a ce na ce, kullum sai ya raba mana dabino. Sai dai fayil ya riga ya shiga jininsa. Ta biyu wata Madam ce daga Sheda, a ɗakin gwaje-gwaje take aiki, 'yar manoma, Hausarta ta kasuwa. A yini ba ta wuce magana biyar, amma kowacce in ta faɗo sai ta fasa ƙasa.

Ran Litinin na haska musu teburin bayanan a bango, na gyara murya.

“Jama'a, kowane layi mutum ɗaya ne. Ba suna, lamba ce kawai, don sirrin mutane ne. Kowane akwati kuma zuwa ɗaya ne da muka yi wajensa. In ya ce ya sha, sai a rubuta ɗaya. In ya ce bai sha ba, sifili. In kuka ga akwati fayau, to mun je ba mu same shi ba ne. Don girman Allah kar a taɓa.”

Sau uku na faɗa. Da Hausa, da Turanci, da Turancin buroka, don kar wani ya ce ba da shi ake ba. Yallaɓai na ta gyaɗa kai, waya a kunne. Ashe da na cikin wayar yake.

Ran Laraba na bar su su yi aiki da kansu, na je taya wani rukuni da kwamfutarsu ta ƙi tashi. Wajen sha biyu da rabi na dawo, sai ga Yallaɓai yana yafito ni da hannu biyu, fuska kamar an yi masa haihuwa.

“Malam, albishirinka!”

“Goro fari, ranka ya daɗe.”

“An ci ƙarfin abin nan a Mararaba. Zo ka sha kallo.”

Na leƙa. Ya zana layin da ke nuna masu shaye-shaye daga zuwanmu na farko har na ƙarshe, layin kuwa ya faɗo kamar an tunkuɗo buhu daga saman tirela. Na ce a raina, wace Mararabar? Wadda nake kwana a cikinta? Wadda da safiyar nan, kafin in kai bakin titi, kwalaben maganin tarin da na tsallake sun isa a gina katanga? Ko dai an yi wata sabuwa a Maitama ban sani ba?

“Yallaɓai, ɗan buɗe mini teburin.”

Ya buɗe. Sumul, kamar an share masallaci ran sallah. Daga sama har ƙasa ba akwati ko ɗaya da ba rubutu.

“Ranka ya daɗe, ina guraben?”

“Na gyara muku. Aikinku akwai sakaci, Malam, ban so in faɗa a gaban mutane ba ne. Tun ƙarfe tara nake cikewa, ko shayi ban tashi na sha ba.”

“Da me ka cike?”

“Da sifili mana. Da me za a cike?”

Abin da malamai da fastoci da iyaye da likitoci suka yi shekaru suna fama ya gagare su, Yallaɓai ya gama shi da yatsa ɗaya kafin a kira azahar. Duk wanda muka nema muka rasa, ya mai da shi salihi.

Na ja kujera na zauna, na sassauta murya, don ba a gyara wa mataimakin darakta kuskure a tsaye.

“Yallaɓai, in ba ka labarin guraben nan. Akwai wasu bacoci na kwano da katako bayan wata tasha, nan ne majalisar da ta fi kowace hayaƙi. Zuwanmu na farko mun cika takardu a wajen. Da muka koma, mai filin ya sayar, katafila ta bi ta kai, yau filaza ce ana sayar da labule. Ina mutanen? Oho. Wanda ake samu cikin sauƙi shi ne mai koyon ɗinki, yana nan a kan kekensa inda ka bar shi, har ya ba ka kujera. Wanda ake rasawa shi ne wanda ya sayar da wayarsa, mai gida ya kore shi, ko yana tsare, ko ya shiga duniya. Akwai gidan da na yi sallama, ina faɗin wanda nake nema mahaifiyarsa ta sa gefen zani ta rufe fuska. Ban rubuta komai ba na fito. Wannan akwatin ma yana cikin waɗanda ka cike.”

Ya ajiye wayarsa a kan tebur. Na ce to, ta shiga. Sai ya gyara tabarau.

“Allah ya jiƙansa in rasuwa ya yi. Amma Malam, kana da shaidar waɗannan da ba ku samu ba suna sha?”

“Ba ni da ita, ranka ya daɗe.”

“To ka gani.”

“Ai kai ma ba ka da shaidar sun bari.”

“Malam, tun kana tallan gyaɗa nake aikin gwamnati.” Ban taɓa tallan gyaɗa ba, amma na bar masa. “Fayil mai gurbi ba ya hawa bene. Ka kai wa darakta takarda da akwati fayau, zai sa jan biro ya zagaye shi ya dawo maka da ita, kai da ita ku kwana wata uku a ƙasa. In babu, a rubuta babu. Haka aka koya mana, haka muka koya wa na baya.”

“Amma wannan ba babu ba ne, Yallaɓai. Ba mu sani ba ne.”

“Gwamnati ba ta cewa ba ta sani ba.”

Madam ta ɗago kai ta dube shi, ta dube ni, ta mai da kai kan kwamfutarta. 'Yan rakiyar shayi kuwa tuni suka bi bayan babba. Ɗaya ma har cewa ya yi, “Gaskiya zanen Oga ya fi kyau a ido.” Kamar atamfa muke zaɓe.

Abin da ya ƙarasa kashe ni, ashe tun kafin ya kira ni ya ɗauki hoton zanen ya tura wa daraktansa ta waya, da alhamdulillahi a ƙasa. Daraktan kuma ya amsa da cewa zai zo da kansa ran Juma'a. Ka ga yanzu ba maganar sifili ake yi ba, maganar mutuncin babbar riga ce.

Na garzaya wajen Hajiya a bakin ƙofa, na zayyana mata komai, har da ƙari.

“Hajiya, ki yi masa magana. Ke dakta ce, zai ji taki.”

“Rukunin wa?”

“Nawa.”

“To.”

“Hajiya, mutumin nan lebul ɗinsa ya ninka nawa. In na ce masa bai iya ba, da tsakuwa zai sa a jefe ni har Nyanya.”

“Da ka ce kana son koyarwa, ka ɗauka majigi za ka koya wa? Shi ba ya musu. In zanen nan ya hau bango ran Juma'a, ka san sauran.”

Ran nan a motar komawa gida, gosulon hanya ko a jikina. Ina zaune tsakanin buhun doya da wata mai kaji, ina ta tsara yadda zan gaya wa babba ya yi shirme ba tare da na ce ya yi shirme ba. Na tsara hanya goma sha ɗaya, kowacce in na bi ta sai in ga ta ɓulle da ni ina naɗe wayar lantarki har tsufa.

Ran Alhamis da safe Yallaɓai bai zo ba, an kira shi mitin a ma'aikata. A otal ɗin nan al'adarsu, da hantsi sai a zagayo da takarda kowa ya sa alama a gaban sunansa, shinkafa ko sakwara, don da ita suke ƙirga kwanuka. Na ga takardar ta ɗan jima a hannun Madam, ban kawo komai ba. Hankalina na can wajen Juma'a.

Ƙarfe biyu saura sai ga shi ya shigo, ya sha rana, ya sha gosulo, babbar riga ta yi laushi. Kai tsaye ya nufi teburin abinci. Matar da ke rabawa ta duba takarda ta ce, “Oga, babu naka.”

“Kamar yaya babu nawa?”

Ta nuna masa. A gaban sunansa, sifili ne ƙato, zagayayye, kamar ƙwan jimina.

“Wa ya rubuta mini wannan?”

Madam na zaune tana murza lomar sakwara, ko ɗagowa ba ta yi ba. “Ni ne, Oga. An zo ba a same ka ba. Ni kuma na ce kar takarda ya tafi da akwati babu komai. Tunda ba a gan ka kana jin yunwa ba, na ce ba ka ji.”

'Yan rakiyar shayi suka daskare da cokula a hannu. Ni kuwa na kafe silin da ido ina karanta duk addu'ar da na haddace, har da ta shiga kasuwa. Na ce shi ke nan, cewa zai yi ni na kitsa, ɗan difloma ya haɗa baki da 'yar Sheda an ci mutuncin gwamnati.

Sai Madam ta sa hannu ƙarƙashin tebur ta jawo kwano a rufe, ta tura gabansa. “Ga naka, Oga. Na sa an ajiye. Shinkafa, na ga shi kake ci tun Litinin.”

Ya zauna, ya wanke hannu, ya cinye tas, har ƙashin kazar sai da ya ji jiki. Mu ma muka ci namu kamar a gidan makoki.

Bayan la'asar, muna neman takalma a ƙofar masallacin otal, ya riƙo gefen rigata ya ja ni gefe.

“Malam.”

“Ranka ya daɗe.”

“Matar nan ba ta da kunya.”

“Ko kaɗan, Yallaɓai.” Allah ya yafe mini.

“Amma ka ji da kyau. Ni ba zan tashi gaban daraktana da takarda mai gurbi ba. Wannan ka cire shi a ranka. Sifilin na yarda bai dace ba, sai dai ba za a bar wajen fayau ba. Ka ba ni abin da zan rubuta.”

Na tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu. Don akwai abin rubutawar. Akwai alama ta musamman da ake sa wa akwatin wanda ba a samu ba, kwamfuta na ganinta ta san ta ajiye mutumin gefe, kar ta ƙirga shi cikin masu sha ko marasa sha. Mu ne a ofis muka ga barin wajen fayau ya fi sauƙi, muka daina sa ta. Kwana biyu ina neman in canza wa mutum halin shekara talatin, ashe shi abin da zai cusa a rami kawai yake nema.

“Akwai, Yallaɓai.”

“To me ya hana ka faɗa tun ran Litinin? Ka ga irin sakacin da nake magana?”

Na ji kamar in ciji takalmin nan. Na ce, “A yi haƙuri, ranka ya daɗe.”

Muka koma ɗaki. Allah ya so ni ina da ainihin teburin a filashina, don a nasa ba mai iya bambance sifilin gaskiya da sifilin Yallaɓai. Na ce bari in sa kwamfuta ta cike alamar duka a ƙiftawar ido. Ya ce a'a, aikin da ba a yi da hannu ba ba shi da albarka. Haka ya zauna yana dannawa ɗaya bayan ɗaya, Madam na karanto masa layi, shi yana ce mata “a hankali, Madam, ba tsere muke ba,” ita tana ce masa “Oga, ka tsallake ɗaya.” Da muka sake zana layin, faɗuwar nan ta buhu ta ɓace. Layi ya koma yana tangaɗi, nan ya ɗan sauka, nan ya ɗan hau. Madam ta ce a ƙara zane na biyu a ƙasa, mai nuna yadda waɗanda ake rasawa suke ƙaruwa a kowane zuwa. Shi wannan kam hawa yake ba ji ba gani.

“Hoton da ka tura wa darakta fa?” na tambaya a hankali.

“Daftari ne,” in ji shi, ko ƙifta ido bai yi ba.

Juma'a da safe ɗaki ya cika da manya, turare kamar zai tayar da gobara. Da aka zo kanmu, Yallaɓai ya miƙe cikin sabuwar shadda, ya karɓi makirfo.

“Ranku ya daɗe, a cikin binciken da na zurfafa, na gano wani haɗari da masu ƙaramin sani suke faɗawa. Sai su ga gurbi su cike shi da sifili.” Ya girgiza kai cikin takaici. “Wanda ba a samu ba, ba a ce ya shiryu ba. Ina fata matasan masu bincike za su kiyaye.”

Na dubi Madam. Tana duban farcenta.

Bai tsaya nan ba. Ya nuna zane na biyu da sandar nuni ya ce, “Sannan dole a tambayi ma'aikatan da ake turawa unguwanni, ina suke kai mana matasan nan? Ga ɗaya daga cikinsu can.” Ya nuna ni. Ɗaki gaba ɗaya ya juyo, kamar ni na zuba su a buhu na kai Legas. Aka tafa masa. Ni ma na tafa, me zan yi? Na tafa har tafin hannuna ya yi zafi, ina murmushin da ya fi kuka ciwo.

Daraktansa ya jefo tambaya, to yanzu abin raguwa yake ko ƙaruwa? Yallaɓai ya buɗe baki, na ga sifili na shirin dawowa. Sai ya waiga ya ce, “Madam za ta yi ƙarin bayani.” Ta miƙe ta ce, “Cikin waɗanda muka samu, bai canza sosai ba. Waɗanda ba mu samu ba, ba mu sani ba, kuma su ne abin tsoro.” Ta zauna. Darakta ya gyaɗa kai ya rubuta wani abu. Ni dai na ji numfashina ya dawo daga Kaduna.

Da aka watse za a tafi masallaci, Hajiya ta tsaya kusa da ni tana gyara mayafi, ba ta ko dube ni ba.

“Ba laifi. Ka zama mai koyarwa.”

“Hajiya, Allah ya ƙara girma, Allah ya...”

“Ajiye addu'ar, za ka buƙace ta. Wata mai zuwa akwai wasu.”

“Daga ina?”

“Daga wajen Yallaɓanka. Sashensa gaba ɗaya zai turo, duk shi ya rene su. Kuma ya ce kai yake so a ba su.”

“Ni? Ya faɗi dalili?”

“Ya ce kana da saurin fahimta in an yi maka bayani.”